Ranar da Na Maimaita wa Baffa Maganarsa

Tumatirinmu yana cikin fure aka tare mana ruwa. Wanda bai taɓa noman rani ba zai ce to sai me, a jira mana. Ba a jira. Tumatir in yana fure ya ji ƙishi, furen yake zubarwa, kuma wanda ya zube ya tafi ke nan. Lambun nan shi ne abincin gidanmu a shekarar, domin babanmu yana kwance tun bayan kaka, ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ma sai Inna ce kaɗai ke ganewa. Ni ne babba, ina ajin ƙarshe a sakandare, bayana sai ƙanne mata.

Lambunmu yana can ƙarshen wani ƙaramin kanal tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke isowa a gajiye bayan kowa ya sha. Gonar da ke gabanmu ta Baffa ce, wan babanmu, uba ɗaya. A shekarar ya ƙara faɗin alkamarsa, sai ya jera buhunan ƙasa a cikin kanal ɗin ya karkatar da ruwan kaf zuwa gonarsa. Da babanmu yana kan ƙafarsa, wallahi bai isa ba. Na same shi a bakin kanal, na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baffa, ruwa bai iso mana ba.” Ko juyowa bai yi ba, ya ce, “In na ƙoshi zan sakar muku.” Na koma na tarar ganyen tumatir ya fara lanƙwashewa tun hantsi.

Bari in faɗi inda na samo bakin da na yi magana da shi daga baya, don kada a ɗauka haka kawai na tashi da fitsara.

Muna da wani malamin Hausa, matashi ne ɗan birni, bai daɗe da gama jami’a ba. Shi ke koya mana rubutu da muhawara, kuma rubutunmu ya ishe shi. Ya ce kowa sai zuba yake yi kamar mai tallan maganin basir, babu mai amsa abin da aka tambaye shi. Sai ya ɓullo da wata dabara. Ranar Asabar yakan kwashe mu, mu ’yan ƙungiyar muhawara, a bas zuwa wani kafe, wato shagon intanet, a cikin Kano. Ɗaki ne mai zafi, janareta na kuka a waje, mu uku-uku a kan kwamfuta ɗaya. Kafin shafi ya buɗe ka gama cinye gyaɗar da ke aljihunka. A nan ya nuna mana wani zaure na intanet inda Hausawa daga ko’ina suke tafka gardama a rubuce, a kan taki, a kan boko, a kan aure, a kan komai.

Ƙa’idar Malam ɗaya ce, kuma ya nanata ta har muna kwaikwayonsa a bayan ido. “Kada ka amsa abin da kake zaton mutum ya faɗa,” in ji shi. “Ɗauko maganarsa yadda ya rubuta ta, ko wasali kada ka canza, ka ajiye a sama, sannan ka ba da amsarka a ƙasa. In ya yi magana biyu da ba su jitu ba, jera su kusa da juna kawai, su za su yi maka aikin.” Ya koya mana yadda ake yanko layin mutum a liƙa, mu da yatsa ɗaya muke laluben haruffa.

Abin ya karɓe ni, ba zan ɓoye ba. A zauren nan babu fuska, babu furfura, babu wanda ya san ɗan wa kake. Wata Asabar na kama wani mutum da ya rubuta cewa manoman rani malalata ne, a ƙasa kuma ya ce su ke ciyar da birni. Na yanko layukan biyu na jera, na tambaye shi wanne za mu ɗauka. Da muka dawo mako na gaba na tarar ya amsa, ya ce na yi gaskiya, ya janye. Malam ya leƙa ya yi dariya, ya ce, “Ka san wane ne wannan? Malamin jami’a ne, ya haifi babanka.” Ranar kaina bai shiga bas ba don girma. Na ɗauka duniya haka take, in ka jera wa mutum maganarsa sai ya ce ka yi gaskiya.

To, ruwa dai shiru. Kullum da sassafe in je in duba kanal, in tarar da busasshiyar laka ta tsattsage. Na ɗebi ruwa da bokiti daga can sama har kafaɗata ta kumbura, amma bokiti nawa zai shayar da lambu? Na ce wa Inna zan je in yaye buhunan nan da hannuna, duk abin da zai faru ya faru. Ta ce, “Kul. ’Ya’yansa suna nan zaune a kansu. So kake a kwantar mini da mutum biyu?” Sai ta aike ni wurin shugaban ƙungiyar masu ban-ruwa, wani dattijo mai sanyin magana da ya yi zamani da kakanmu. Ya saurare ni, ya ce za a zauna.

Ranar zaman Inna ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, sai ta ce, “Kai, ka ji ni da kyau. In an ba ka dama, ka gaishe su, ka ce ruwa muke roƙo, ka zauna. Kada ka ƙara ko kalma.” Na ce to. Kuma har zuciyata na yi niyyar bin maganarta.

Bayan la’asar aka taru a gindin mangwaro kusa da babban kanal. Manya a kan tabarmi, mu matasa a tsugune gefe wajen babura. Shugaba ya buɗe da addu’a, ya ce akwai koke daga ƙarshen kanal, ya ba ni dama. Na gaishe su, na ce ruwa muke roƙo, na tsuguna. Gabana yana ta faɗuwa, amma na yi yadda aka ce.

Sai Baffa ya gyara zama. Ya yi gyaran murya irin tasa mai tsawo, ya ce, “Ni dai ban tare ruwan kowa ba. Ruwa ne ya yi ƙasa tun daga sama, kowa ya sani. Buhunan da ake magana kuwa, na sa su ne don kada ruwa ya yi ambaliya ya ci mini bakin gona.” Ya dubi jama’a ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara da cewa, “Ɗan’uwana da ke kwance, da yana iya magana, shi zai fara shaidata. Ban taɓa cin haƙƙinsa ba.”

Wannan ta ƙarshen ce ta tashe ni. Mutum yana kwance ba ya iya kare kansa, kai kuma ka ari bakinsa ka wanke kanka da shi? Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin mamaki, tsoron ya tafi gaba ɗaya, maganganun Baffa suka jeru a idona kamar a fuskar kwamfuta.

Na ce, “Baffa ya ce, ‘Ruwa ne ya yi ƙasa tun daga sama.’ Sannan Baffa ya ce, ‘Na sa buhuna don kada ruwa ya yi ambaliya.’ To ruwan da ya yi ƙasa, ta yaya zai yi ambaliya? Baffa ya ce, ‘Ban tare ruwan kowa ba.’ Amma da na same shi a bakin kanal ya ce mini, ‘In na ƙoshi zan sakar muku.’ Abin da ba a riƙe ba, yaya za a sake shi?”

Ban ɗaga murya ba, ban nuna shi da yatsa ba, ban canza masa ko kalma ba. Sai wani daga cikin matasan da ke wajen babura, Allah ya shirye shi duk inda yake, ya fashe da dariya ya toshe baki. An riga an ji.

Baffa bai dube ni ba. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya zura takalmansa. Ya ce, “A gabanku ɗan ƙanena ya ƙaryata ni, kuna zaune kuna kallo.” Ya tafi, wasu dattawa biyu suka bi shi suna ba shi haƙuri. Shugaba ya ce mini, “Zauna, yaro.” Na zauna. Ya ce maganar ruwa an ajiye ta sai an gyara wannan tukuna, ya shafa addu’a, taro ya watse.

Da kowa ya tafi shugaba ya kira ni gefe, kuma ban taɓa ganin ransa a ɓace haka ba. Ya ce, “Kana tsammani ba mu san da buhunan nan ba? Duk wanda ya zauna a tabarmar nan ya gan su da idonsa. Da ka yi shiru, cewa za mu yi ruwa ya yi ƙasa kamar yadda ya faɗa, mu roƙe shi ya taimaki ɗan’uwansa, ya ɗebe su yau ɗin nan a matsayin shi ya yi alheri. Haka muke yi. Yanzu ka tuɓe shi a gaban mutane. In ya ɗebe, ya yarda shi maƙaryaci ne, kuma ba zai ɗebe ba.” Na ce, “Amma Baba, ai gaskiya na faɗa.” Ya ce, “Wa ya ce ba gaskiya ba ce?”

Har yau ban yarda na yi laifi ba, kuma duk wanda ya ce na yi, ya zo mu zauna. Sai dai tumatir bai san wannan ba. Washegari na tarar fure a ƙasa, rawaya-rawaya a cikin fangali, na ɓangaren da rana ta fi duka ya zube kusan duka. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye mini abinci ta koma wurin babanmu. Ƙannena suka daina wasa in na shigo.

A makaranta na ba Malam labari tun daga farko. Ya sa na maimaita masa abin da na faɗa, idonsa har ƙyalli yake yi, ya ce, “Hujjarka ta tsaya, babu inda za a kama ta.” Na ce, “Malam, tumatir fa?” Can ya ce ko ya je ya yi wa Baffa magana da kansa. Na ce ya rufa mini asiri, baƙo ɗan boko ya shiga maganar gida, sai abin ya ƙara dagulewa. Na ji haushinsa a lokacin, na ji tausayinsa kuma, domin shi ma abin da ya iya ya koya mana.

Da na dawo Inna ta ce, “Gobe da safe za ka je ka ba shi haƙuri. Duk abin da ya ce ka ce to.” Na ce ba inda za ni. Ta ce, “To je ka faɗa wa babanka da bakinka cewa lambu ya mutu.” Ban iya ba.

Na sami Baffa a zaurensa da hantsi, tare da dattawan nan biyu da suka bi shi ranar taro, suna shan koko. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa har ƙasa.

Na ce, “Baffa, na zo ba da haƙuri.”

Ya ce, “Haƙurin me?”

“Na yi maka rashin kunya a gaban mutane.”

“Ba shi na tambaya ba.” Ya ajiye ludayi. “Na tare muku ruwa?”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Alhaji, ai ya isa haka, yaro ya zo.” Baffa bai kula shi ba, ya zuba mini ido yana jira. Ina jin amsar gaskiya a bakina, a shirye take, kuma na san in na faɗe ta abin da ya rage na furen nan ba zai kai jibi ba.

Na ce, “A’a, Baffa.”

“Ɗaga murya, baƙina ba su ji ba.”

“Ba ka tare mana ruwa ba.”

“To wa ya yi ƙarya a gindin mangwaro?”

Na ce, “Ni ne.”

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki ludayinsa. Ya ƙwala wa babban ɗansa kira, ya ce ya je ya rage buhunan nan saboda ɗan’uwansa da ke kwance. Dattawan suka shiga sa masa albarka, suna cewa haka ake son babba. Ni ma na ce na gode.

Kafin azahar ruwa ya iso. Na bi shi da fartanya ina buɗe fangali ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana sha tana ƙara. Wajen rabin lambun ya tsira, da shi muka ci a shekarar.

Da yamma na shiga gida da laka har gwiwa. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ce, “Ya saki?” Na ce ya saki. Ta ce, “Wace magana ya sa ka faɗa kafin ya saki?” Na gaya mata, ban rage komai ba. Ta ajiye rariyar, ta dube ni. Sannan ta ce, “Allah ya yi maka albarka,” ta tashi ta shige ɗaki. Ina wanke ƙafa ina jin kukanta.