Muryar Malam da Aka Raba Kamar Gado

Ku matso, 'yan nan, ku kife wayoyinku ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, ni ce nake faɗa, wata jikata tana rubutawa.

Malam, mijina, mai karantarwa ne a zaurenmu na Kudan. Duk azumi ɗalibansa kan ɗauki karatunsa a kaset. Da Allah ya yi masa rasuwa, kasakasan nan su ne abokan hirata, har suka fara cin zare. Sai babban ɗana ya kwashe su ya kai wa wani mai kwamfuta a Hunkuyi, a juye kafin su lalace.

Mai kwamfuta ya juye, sai karatun ya yi yawa. Ya ce akwai wata manhaja ta kyauta da ke matse abu mai yawa ya koma ƙarami. Da ɗana ya kawo mini labari na ce, to, kamar yadda ake dafe ruwan rake a Makarfi ya koma mazarƙwaila ke nan. Ya matse, ya yanka gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ɗan memori guda, ya ƙulle su a leda ɗaya.

Ɗana kuwa mutum ne mai tsoron haƙƙi. Ya ce abin da mamaci ya bari gado ne, ba ya zama hannun mutum ɗaya. Ya tara ƙannensa ya raba, kowa guda. Ni ma aka miƙo mini nawa, wai tumunin takaba.

Na saka a rediyo, na gyara zama. Shiru. Na busa, na goge da bakin zane, na mayar. Shiru.

Muka shiga mota sai Hunkuyi. Mai kwamfuta ya dube mu ya ce, "Iya, ina sauran?"

Ɗana ya ce, "An raba wa magada."

"An raba? Yaya, ba na ce maka a tare suke buɗewa ba?"

"Ai na zaci nufinka mu riƙa taruwa muna saurare."

"Ko ɗaya ya ɓace, sauran sun zama tsakuwa."

Na ce, "Ɗan nan, wane irin ɗauri ne wannan, mai ɗaurewa ba ya iya kwancewa? To, naka na cikin kwamfutar fa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce ya goge, wuri ya ƙare masa. Kasakasan kuwa ɗana ya bar su a rumbu, damina ta gama da su.

Aka bi gida-gida aka tattaro. Saura na autata da ke aure a Taba. Na je da ƙafata. Mijinta ya ce, "Wallahi Iya, na ga ba ya magana, na zaci fanko ne." Ashe ya kai an wanke an zuba masa waƙoƙin biki. Ban zauna cin tuwonsu ba.

Mai kwamfuta ya koma sayar da taki. Ɗana har gobe cewa yake yi shi dai ya fita haƙƙi. Autata ba ta haɗa ido da ni in an ambaci Malam, mijinta kuwa yana nan yana kaɗa kai da waƙoƙinsa. Ni kuma ga ledar nan a ƙasan adakata, Malam yana ciki yana karatu, ba mai jinsa.