Kwalabe Bakwai a Ƙarƙashin Kaza

Ranar Laraba, da ƙarfe shida na safe, Malam Wada ya dawo daga masallaci ya tarar da 'yarsa Hamdiyya durƙushe a bakin akurki, hannunta a ƙarƙashin kazar mahaifiyarta. Kwalabenta take dubawa.

Guda bakwai ne, kowacce tsawon ɗan yatsa, an toshe bakinta da roba an ɗaure da ƙarfe. A ciki akwai ruwan tumbin saniya da ta karɓo a kwatar Dangora. Digiri na biyu take yi a Kano, a kan wasu halittu da ido ba ya gani, masu zama a tumbi suna fitar da iskar nan mai kamawa da wuta wadda saniya ke gyatsawa. Abin da take bi shi ne ƙwayoyin gadon da ke saƙa musu rigar jiki, wadda da ita suke maƙale wa maƙwabtansu su samu abinci. Sharaɗin halittun biyu ne: ɗumi irin na cikin saniya, kuma kada iska ta taɓa su, don nan take suke mutuwa. Wutar lantarki ba ta da alkawari a unguwar. Kaza mai kwanci tana da shi.

Ƙarfe bakwai, Hasiya, mahaifiyarta, ta yi mitar da ta saba: kwana goma sha biyu ana yaudarar baiwar Allah, tana kwanci a kan abin da ba zai ƙyanƙyashe ba. Ƙarfe takwas aka sha koko. Malam Wada, wanda ya shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa, ya sake jin bayanin rigar, ya gane rabi. Ƙarfe tara Hamdiyya ta ɗauki jaka za ta rugar Buba, wani makiyayi a gefen Falgore, ta ga abin da shanunsa ke ci.

"Baba, ko gidan nan zai kama da wuta, kada a buɗe su."

Ya ce ai idan ya kama, su zai fara zargi.

Ƙarfe ɗaya ta bugo tana dariya: Buba ya ce da ya san gyatsar shanu abin digiri ce, da tuni shi farfesa ne. Ƙarfe huɗu da kwata, motar da ta shigo ta kauce hanya kafin Tudun Wada. An yi jana'izarta washegari da hantsi.

Bayan sadakar uku, Baturiya, ƙanwar Malam Wada, ta ɗaura zani ta shiga aikin da take yi a kowane gidan rasuwa na dangi: a fito da kayan mamaci, a buɗe, a wanke, a shanya. Ko kwalbar turare ba ta bari. Da ta isa akurki, kaza ta tsattsage ta, amma Baturiya ta fito da kwalba ɗaya tana neman wuƙa. Ta ce kwalabe masu kyau haka, in an ɗauraye su za su yi kwalli.

"Ajiye, Baturiya."

"Yaya, ƙazantar tumbi ce fa. Haka za a bar wa yarinya datti a bayanta?"

Ya yi mata bayanin rigar, iya rabin da ya gane. Ta dube shi da tausayi, ta je ta raɗa wa Hasiya cewa a sa ido a kan Yaya. Shi kuwa ya ɗauko kujera ya zauna a bakin akurki, a nan ya karɓi gaisuwar yinin.

Da safe ya sa kaza da kwalaben a kwando ya hau motar Kano, kwandon a cinyarsa. Malamar Hamdiyya ta auna iskar cikinsu da allura. Shida na da rai. Ta ce za a ƙarasa aikin da sunan Hamdiyya, sannan ta tambayi injin da aka ajiye su a ciki. Ya ɗaga murfin kwandon.

Tufafin Hamdiyya an raba wa 'yan uwa, littattafanta sun tafi makarantar 'yan mata. Kwalba ta bakwai, wadda aka tarar ba rai a cikinta, tana wurin Baturiya, da kwalli a ciki. Kazar ta dawo gida da la'asar, Hasiya ta zuba mata ƙwai tara.