Rezon Ƙetaren Gulbi

Na haura shekara arba'in kafin in mallaki kwamfuta. A Parakou na sayo ta, lokacin da aka tura mu taron malaman lakwal, wato makarantar boko. Ɗiyata ta fari tana karatu a Kwatano, ni kuwa na gaji da zaman jira a siber, shagon intanet na bakin kasuwar garinmu da ke iyakar Benin da Nijar, kafin in karanta wasiƙarta. Mai kantin ya haɗo mini da kle, wani ɗan abu kamar yatsa, ana sa masa layin waya a cusa shi a gefen kwamfuta ya jawo intanet.

Kwana uku tana aiki lafiya lau, ina zaune da ita bisa tabarma a tsakar gida. Rana ta huɗu kafinta ya kawo teburin da na sa shi ya yi mini, na kai ta ɗakina na ajiye bakin taga. Daga nan intanet ta ɗauke.

Maigidana ɗan kasuwar albasa ne, bai taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba. Ya hau kabu-kabu ya ɗauko mai gyaran siber. Mutumin ya zauna bisa kujerata, ya latsa nan ya latsa can, sannan ya juya wajen maigida yana yi masa bayani da Dandanci kamar ba na ɗakin. Wai na taɓa abin da bai kamata ba, sai ya tafi da ita ya share komai, kuma in ta dawo a rage bari ina wasa da ita.

Na ce masa, "Malam, ni na sayo ta, ni ka aiki da ita. In da magana, ni za ka yi ma."

Ya yi dariya ya ce to Madam ta gyara abinta. Na zare wayar kwamfutar daga hannunsa na ce na ji.

Da labari ya kai ga wan maigida, ya zo har gida. Ya ce akwai wani ɗan Kamba da ke zuwa cin kasuwa yana neman irinta, in rabu da ita tun tana da daraja. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wagga ba ta saidawa ba ta." Ya tafi bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Gaskiya ban san ta inda zan fara ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na ɗauki sabon littafi irin na 'yan ajina. Kullum in na taso daga lakwal na yi la'asar, sai in zauna. Duk rubutun Faransanci da ya fito in kwafe shi, duk abin da na gwada in rubuta. Na zare kle na maida. Na sake masa kafa. Na kashe na kunna har na daina ƙirgawa. Na duba ko katin ne ya ƙare, yana nan. 'Yar fitilar kle, wadda da take tsayawa shuɗiya, sai ƙifta ja take yi.

Rana ta shida da fara gwajin na ce bari in ga ko layin ne ya mutu. Na cire shi na sa a wayata, ina tsaye bakin tagar. Sai ga saƙo ya shigo, wai barka da zuwa Nijar. Ni da rabona da hawa gadar shiga Nijar tun kafin azumi.

Na leƙa tagar. Arewa take kallo, wajen gulbi, Gaya ta Nijar na can ƙetare. Na maida layin cikin kle, na duba ɗan rubutun da ke ƙasan allo wanda ban taɓa kulawa da shi ba: sunan rezon Nijar ne, wato sabis ɗin wayarsu. Na sungumi kwamfutar na fita tsakar gida, fitila ta koma shuɗiya. Na dawo ɗaki, ta yi ja.

Maigida ya ce tun da haka ne sai in riƙa zama waje. Na ce ban sa an yi tebur don in zauna cikin kaji ba. Kwana biyu ina buɗe kowane lungu na tsarin kle, har na iske inda aka bar shi yana zaɓar rezo da kansa. Na hana shi, na zaɓa masa namu na Benin. Ya kama, ya tsaya.

Bayan sati biyu mai gyaran ya aiko ta bakin maigida, wai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke zaune kusa da gada ya kawo masa irin wannan matsala, me na yi wa tawa? Na ce ya zo da ƙafarsa ya tambaye ni. Ya zo, ya gaishe ni da kyau, na buɗe littafina na nuna masa.

Ran nan baƙi suka zo daga Guéné, na ji maigida a zaure yana cewa ai mun gyara ta da kanmu. Da na kai musu abinci na tambaye shi a gabansu ta ina ake kunna ta. Ya sosa ƙeya, ya ce su ci tun da zafi.