Marinar da Abba Ya Gani da Yatsunsa

Na ga abubuwa iri-iri a aikin alhazai, amma akwai guda ɗaya da na tabbata ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

A Makka aka haife ni, a unguwar Rusaifa muke zaune. Mahaifina kuwa Bakano ne, ɗan gidan marina. Yana da shekara goma sha huɗu ya biyo mahaifinsa ta Cadi da Sudan, kuma tun da ya sa ƙafa a nan bai sake ganin Kano ba. Kullum sai ya ce baɗi. Ana cikin haka ciwon suga ya fara cin idanunsa, sai ya daina maganar tafiya.

A lokacin na haura talatin, ina tura keken alhazai marasa ƙarfi. Wata shekara aka haɗa ni da wani tsoho ɗan Japan da ya musulunta da girmansa. 'Yarsa ce ta rako shi, ta yi karatun Larabci, ita ke yi mana tafinta. Kwana biyar ina tura shi tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, bai cika magana ba, sai dai kallo. Da aka gama aikin Hajji na gayyace su gida cin abincin rana.

Da tsohon ya gaisa da mahaifina, wanda muke kira Abba, sai Abba ya ƙi sakin hannunsa. Ya jawo shi dab da idonsa yana jujjuyawa.

"Kai, tambayar mini shi," in ji Abba. "Marini ne?"

Sai a lokacin na lura da shuɗin da ya zauna a gefen faratan tsohon. 'Yar ta yi dariya, ta ce mai zane ne. A kan katako yake sassaƙa hoto da ƙananan wuƙaƙe, ya shafa masa launi, ya ɗora takarda ya murza bayanta da hannu har hoton ya hau. Kowane launi da katakonsa. Shuɗin kuma daga wani ganye ake samunsa, sai an jiƙa shi ya ruɓa.

Abba ya buga cinya. "Ai baba ke nan, ganyen rininmu! Wallahi baba ne! Ashe har can ya je?"

Ban taɓa ganin mahaifina haka ba. Abinci ya huce a gabansu. Yana ba da labari da Hausa, ina juyawa zuwa Larabci, 'yar tana juya wa mahaifinta. Ya faɗi ramukan rini jere a ƙasa, da murfin kaba da ake kifa musu, da kumfar da ke tasowa idan rini ya nuna, da turamen yadin da ake shanyawa, da wani durumi da suke cin ƙosai a gindinsa. Tsohon ya zaro ɗan littafi yana zanawa. In ya miƙo, Abba ya kai shi bakin hancinsa ya duba, ya ce, "La, la, ya Hajji, ba haka ba ne. Bakin ramin ya fi wannan faɗi." Tsohon ya sunkuyar da kai ya goge ya sake. Har aka kira la'asar suna abu ɗaya. Da za su tafi ya ce zai aiko wa Abba da marinarsa.

Ranar da na raka su mota, likitan tawagarsu ya ja ni gefe ya ce, "Ka san wa ka yi ta turawa?" Ya ce a ƙasarsu tsohon yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu wannan sana'a da hannu, ayyukansa suna rataye a gidajen tarihi, kuma manyan mutane kan jira shekaru kafin su samu guda. Na tuna a ƙasa muka zaunar da shi, Abba yana yi masa gyara kamar ɗan koyo. Na ce a raina, mai irin wannan suna ba zai tuna da mu ba.

Abba kam bai cire rai ba. Duk Juma'a in mun dawo daga Harami sai ya ce, "Ba saƙo daga mutumina?" In ce babu. Wani Hajjin ya zo ya wuce, ganin Abba ya ƙarasa tafiya gaba ɗaya, amma tambayar ba ta tsaya ba.

Wata rana da hantsi saƙon ya iso a kwali. Na buɗe na ga takarda mai laushi kamar yadi, ga ramuka jere, shuɗi kala-kala, daga mai duhu kamar zai yi baƙi har zuwa na sararin sama, ga mutane sun duƙa suna tsoma turame. Na tsaya ina kallo. Ya zo, amma wanda aka yi dominsa ba zai gani ba.

A ƙasan kwalin na ji wani abu mai nauyi naɗe da ƙyalle. Babban katakon zanen ne da kansa. Wasiƙar 'yar ta ce mahaifinta ya lura da idanun Abba tun ranar, shi ya sa ya zurfafa sassaƙar. Ta ce takarda ɗaya tak ya buga, kuma bai taɓa barin katakonsa ya fita daga ɗakin aikinsa ba sai wannan.

Na ɗora wa Abba a cinya. Ya bi shi da yatsu a hankali. Can ya ce, "Ga ramin babana." Ya matsa gaba, sai ya yi dariya hawaye na zuba. "Ya juya mini unguwa, durumin ai a dama yake!" Na ce masa haka ake sassaƙawa a juye, a takarda yana dama. Ya ce, "To, halas, shi ke nan. Ya iya."

Shekara biyu Abba ya yi bayan nan, katakon yana gefen shimfiɗarsa. Da ya rasu na rubuta musu, 'yar ta amsa cewa mahaifinta ma hannunsa ya fara rawa, ya ajiye wuƙa. Ban sake ganinsa ba, kuma har yau ina kewarsu su biyun.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sama da shekara talatin ina gida ɗaya da mahaifina ban taɓa zama na ce ya ba ni labarin garinsu ba, sai da baƙo ya zo daga ƙarshen duniya ya tambaye shi. Idan kana da tsoho a gida, ka zauna ka tambaye shi inda ya fito, tun yana da bakin ba ka amsa.