Shekarar da Waƙa Ta Ɗauke wa Kakata

Har yau in na ji ƙamshin citta a shanya, kakata nake tunawa, zaune a tsakar gidanmu na Kafanchan tana tsaga citta da 'yar wuƙa. Ita ce mai tsara wa zumuntar mata waƙa a majami'armu. Ba ta iya rubutu ba. A gona waƙa ke zo mata, kafin ta iso gida ta haɗa ta tsaf a kanta.

Da yaƙin basasa ya ƙare, sojoji suka yi ta dawowa a jirgin ƙasa, amma ƙanen babana bai sauko ba. Kaka ta yi ta zuwa tasha har ta gaji. Tun daga nan waƙa ta ɗauke mata.

Wata shekara da godiyar girbi ta matso, matan zumunta suka zo suka roƙe ta sabuwar waƙa. Ta ce to. Ina kallonta, sai ta jawo tulun kiɗa ta buga, ta fara baiti, ta tsaya a tsakiya, ta ture tulun. Da abin ya ƙi, ta aika wa shugabar zumunta cewa su nemi wata.

Akwai wata Hajiya mai sayen citta, ƙawarta tun ƙuruciya. Rannan tana auna citta ta ce, "Yaya, na daɗe ban ji muryarki ba."

Kaka ta ce, "Waƙar murna suke so, ni kuwa babu ita a cikina."

"To me ke ciki?"

Kaka ta ce, "Ɗana."

"Sai ki yi waƙarsa. Wanda za ki gode wa ai ya san abin da ke ranki."

Washegari da safe na ji ta a bakin dutsen niƙa tana rera waƙa, wannan karon ba ta tsaya ba.

Ranar Lahadi, a gaban damman dawa da buhunan acca da aka kawo baiko, wato sadakar godiya ga Allah, Kaka ta miƙe. Ta rera yadda ɗanta ya sare gonar da muka girbe, ta gode wa Ubangiji da Ya ara mata shi har ya girma. Fasto ya sunkuyar da kai. Can daga baya wata mata, wadda mijinta ma bai dawo ba, ta ɗauki amshi. Sai sauran suka bi, wasu suna share hawaye da bakin zane.

Yanzu mawaƙan majami'a a waya suke samun waƙa, ba mai jiran wata tsohuwa ta dawo daga gona. Ni kuma rubutu ya zama sana'ata. Ranar da takarda ta ƙi cika, ba na zargin gajiya. Nakan tambayi kaina abin da nake gudun faɗa. Da wuya in rasa amsa, sai dai ba kullum nake da ƙarfin zuciyar Kaka ba.