Rabin Kunne da Rawar Sarƙa

Yayana ba mai rawa ba ne tun asali, mafaɗaci ne. Muna yara, babu makon da inna ba ta gasa masa fuska da ruwan zafi ba. Rabin kunnensa na hagu a bakin wani ya tsaya, shi ya sa da ya zama malamin wasanni ɗalibai suke ce masa Rabin Kunne a bayan idonsa. Ni kuwa ɗakin magani na makarantar nake riƙe da shi, duk ɓarnar da yaran suka yi wa juna a kan teburina take ƙarewa.

Makarantar ta rabu biyu, 'yan bene da 'yan ƙasa, wato masu aji a sama da masu aji a ƙasa. Kada ka tambaye ni mafarin gabar, su kansu ba su sani ba. Da ƙafar kujera suke faɗa, da kan bel. Na wanke goshin da ya tsage, na taɓa ciro guntun haƙori daga cikin leɓen yaro. An yi bulala har masu bulalar sun gaji.

Sai Yaya ya ce rawa zai koya musu. Na yi dariya har da hawaye.

"Yaya, kai da kake tafiya kamar kana jin haushin ƙasa?"

"Ke dai ki kula da audugarki," in ji shi, "kwantai za ta yi."

Rawar sarƙa ya sa mata suna. Yakan jera su ɗan bene, ɗan ƙasa, su taka, su juya, kowa da sanda a hannu. Da ya busa usur sau biyu, sai kowa ya saki sandarsa, ya sarƙe hannu da na kusa da shi. Mutum ɗaya ya makara, duk layin ya koma farko cikin rana. Jagora kuma ba ya tsayawa a gaba. A tsakiya yake, inda ake jan sa dama da hagu.

A tsakiyar nan ya sa Cinnaka, ɗan ƙaramin yaro mai baƙar zuciya, ogan 'yan ƙasa. A gefensa ya sa Dogo na 'yan bene, wanda Cinnaka ya taɓa karya wa hannu. Shugaban makaranta ya riga ya rantse, Cinnaka ya ƙara zubar da jini, kora ce da 'yan sanda. Wata da watanni Yaya yana gasa su a filin, har auduga ta fara yi mini yawa, ban dai faɗa masa ba.

Wata rana ana tashi, sai ga wan Dogo da abokansa, wai sun zo rama karayar. Yaya ya tare ƙofa, usur a bakinsa. Suka maka masa katako a baki. Na ji ƙarar daga ɗakina, na fito a guje. Usur ya fashe tare da haƙoransa, jini har ƙirji.

Yara suka yo kansu da duwatsu, abokan suka arce, wan Dogo ya faɗi. Sai ga Cinnaka a kansa, ya ɗaga ƙarfen ƙafar benci da hannu biyu. Wallahi kashe shi zai yi, na gani a idonsa.

Kan Yaya yana cinyata. Ya lalubi usur, babu. Sai ya miƙa hannu ya doki ƙyauren ƙarfe da tafinsa, sau biyu.

Hannun Cinnaka ya buɗe da kansa. Ƙarfen ya faɗi gefen kunnen mutumin. Kafin Cinnaka ya sunkuya ya ɗauka, Dogo ya sarƙe shi ta dama, wani ta hagu, layi ya haɗu har bakin katanga, duwatsu suna zubewa ƙasa.

"Ku sake ni! Malam ya fasa wa baki!" Yana ihu yana kuka, amma ko cizo bai yi ba.

Ba a kori Cinnaka ba. Shi yake busa usur yanzu, don bakin Yaya ba ya riƙe iska. Ni dai har yau in na kalli wawulon nan raina ɓaci yake. Na ce masa, "Haƙoranka na gaba kaf, Yaya, a kan ɗan wani?"

Ya shafa guntun kunnensa. "Wannan a banza na bayar da shi. Haƙoran kuwa, ga yaron can a tsakiyar layi."