Abin da Ke Ƙarƙashin Masaƙar Barguna

Shekara goma sha ɗaya Sikhangezile Mlotshwa ta yi tana riƙe wa wasu bakin igiyar awo a birnin Bulawayo. Ita ke hawa tsani ta duba rufin masana'anta, ita ke leƙa ɗakin wuta, sannan wani mai sabon digiri ya sa hannu daga ofis, a kira shi masanin ƙimar gini. Abin ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya. Da ta samu tata takardar shaidar ƙimar gini da ƙyar, wani kamfanin dillancin gine-gine ya kira ta ganawar ɗaukar aiki ranar Litinin. Kujera ɗaya ce, masu nema shida. Aka ce kowa ya zo da ƙimar wata rufaffiyar masaƙar barguna a unguwar Belmont, ya kare lissafinsa.

Don tsabar rashin sa'a, masaƙar da mahaifinta ya ƙarar da ƙarfinsa a ɗakin rininta ce, har ranar da aka garƙame ƙofa ba ko sallama.

Ta san halin sauran biyar ɗin. Taswira za su buɗe, su ninka faɗin daɓe da farashin unguwa, su tafi cin gasasshen nama. Ita kuwa ranar Asabar ta shiga kombi, ƙaramar bas ɗin haya, ta je da ƙafarta. Ɓarayi sun yashe wayoyin wuta, an ciccire ƙarafan layin dogon da ke shiga harabar, rufi duk ya tsage. Abu ɗaya ne ya sanyaya mata rai: wani faffaɗan fili a baya, an malale shi da kankare mai kauri, daidai ajiye manyan motoci.

Ranar Lahadi bayan coci ta gwada jawabinta a gaban mahaifin nata, suna cin tuwon masara. Yana jin kuɗin da ta yanka wa masaƙar ya hau faɗa, wai masaƙar da ta lulluɓe rabin ƙasa ce take yi wa kuɗin akuya. Ranta ya ɓaci. Mutanen da suka watsar da shi kamar tsumma, su yake karewa!

"Baba, ba tarihi aka ce in auna ba," in ji ta. "Ba don filin bayan nan ba, ko rabin wannan ba za ta kai ba."

Tsohon ya tsame hannunsa daga tuwon. Ya tambaye ta ko ta san wanda ya zuba kankaren. Su huɗu ne har da shi kansa, in ji shi. Manaja ya sa suka binne gangunan dattin rini mai guba, fiye da ɗari, suka rufe da siminti. Ladan yin shiru, bargo ɗaya-ɗaya. Ga unguwar da ke gangare, har yau ruwan rijiya suke sha.

Sikhangezile ta ji kamar ta kifar da teburin. Kamfanin da take neman aiki a wurinsa shi zai sayar da masaƙar, kuma babu dillalin da ke son jin irin wannan. In ta faɗa, mai yiwuwa kujerar ta tafi. In ta yi shiru, ta shiga sahun masu bargo.

"In suka ce wa ya gaya mini fa?"

"Ki ce Mlotshwa na ɗakin rini, ƴata. Ki ce yana da rai, ya kuma san inda za a fara haƙa."

Ta wanke hannu, ta jawo takardar, ta soke kuɗin filin.